Unguwa ke haifar da kiɗa, hukuma ta biyo baya da katafila

Ku ɗauki duk wani salon kiɗa da ya cika duniya a shekaru ɗarin nan, jazz ne, rumbar Kongo ce, hip hop ne, ku bi sawunsa baya baya, za ku ga ya kai ku wata unguwa guda a cikin wani babban gari, wani lokacin layi ɗaya ne ma, wani lokacin gida ɗaya tak. Mutane sukan ce ai baiwa ce. To baiwa kam daga Allah take kuma ya watsa ta ko'ina, ƙauye da birni, babu al'ummar da aka hana. Tambayar ita ce me ya sa a wasu unguwanni 'yan ƙalilan ne baiwar take zama sana'a, sana'ar ta zama salo mai suna, har ta tsallaka teku. Ni dai a ganina amsar tana cikin abubuwan da masu rubuta tarihin mawaƙa ba su cika damuwa da su ba, wato nawa ne kuɗin haya a unguwar, wa ke biyan makaɗi daren Asabar, sannan maƙwabta za su iya jure ƙara har ƙarfe biyun dare ko kuwa za su kira 'yan sanda.

Bari mu fara da Bronx ta New York don labarinta a bayyane yake, har ranar an sani. Ranar 11 ga Agusta 1973 wata yarinya mai suna Cindy Campbell tana neman kuɗin sayen kayan komawa makaranta, sai ta kama ɗakin taron da ke ƙasan benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, ta sa kuɗin shiga senti 25 ga mata senti 50 ga maza, ta ce yayanta Clive ya zo ya sa kiɗa. Clive ɗin nan shi ne Kool Herc, shekararsa 18 lokacin, haifaffen Kingston ta Jamaika ne, sun zo Amurka a 1967, kuma a can ya taso yana ganin yadda ake jibge manya manyan lasifikoki a fili ana casu, mai sa kiɗan yana ta surutu a kan waƙar yana kiran sunayen mutane. Abin da ya lura da shi shi ne masu rawa sun fi haukacewa a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai, gurbin nan kuma bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Sai ya riƙa sayen faifai biyu iri ɗaya, kowanne a kan injinsa, in gurbin gangar ya ƙare a na hagu ya saki na dama, kafin na dama ya ƙare ya ɗaga allurar na hagu ya mayar da ita baya, haka haka har daƙiƙun nan su koma mintuna ana ta tiƙa rawa, wani kuma ya karɓi makirfo yana jera magana a kai. Shi kenan fa. Hip hop, harkar da yau ake juya biliyoyin daloli a cikinta, daga nan ta taso.

Amma ku dubi Bronx ɗin wancan lokacin. Tun 1948 aka fara yanka wani ƙaton titi ta tsakiyarta, aikin Robert Moses, babban mai tsara tituna da gine-ginen birnin, aka tashi dubban iyalai, masu ɗan hali suka kwashe suka bar wurin, darajar gidaje ta faɗi warwas har ta kai wasu masu gidajen haya sun gwammace su sa a banka wa benensu wuta su karɓi kuɗin inshora. Birnin kansa a 1975 saura ƙiris ya tsiyace, aka rage kuɗin makarantu, darasin kiɗa na cikin abin da aka fara zubarwa. Yaro ba shi da jita ba shi da malami, abin da ke gidansu faifan iyayensa ne, to da shi ya yi kiɗan. In an fita filin wasa kuma sai su buɗe gindin fitilar titi su ja wuta daga nan. Har ma wasu daga cikin tsofaffin masu harkar sun faɗa da bakinsu cewa ɗaukewar wutar da aka yi a watan Yulin 1977, wadda aka fasa shaguna a cikinta, ita ta sa washegari masu kayan sauti suka yi yawa a unguwa. Su kuma masu zane da fenti jikin jiragen ƙasa suka mayar allonsu, hukuma ta yi ta yaƙi da su har 1989 ta ce ta gama wanke jiragenta, yau irin zanen nan a gidajen baje kolin zane ake sayar da shi da tsada.

Kar wani ya ɗauka ina yabon talauci ne, haba. Babu uwar da za ta zaɓi ɗanta ya tashi a layin da gobara ke ci kullum don wai a samu sabon kiɗa. Abin da nake nunawa shi ne a wurin da masu kuɗi suka juya wa baya, ɗaki yana da arha kuma ba mai sa ido, sai yaro ya samu damar yin shirme na shekara biyu uku har shirmen ya zama gwaninta. Wannan damar ta yin kuskure ba tare da an kore ka ba ita ce jarin farko, kuma ita ce ta fi wuyar samu a unguwar masu hali.

Sai maganar wa ke biya, wadda a wurina ita ce zuciyar al'amarin. A New Orleans, inda jazz ya taso, a da can baƙaƙen fata ba sa samun inshora daga kamfanonin Turawa, don haka suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu, in ka kwanta ciwo a biya maka magani, in ka mutu a yi maka jana'iza ta mutunci, kuma a al'adarsu jana'izar da 'yan badujala ake yi, a tafi maƙabarta da taken jimami a dawo da na rawa jama'ar unguwa na biye. Ƙungiyoyin nan da yawa suke, kowacce kuma tana da faretinta na shekara, ma'ana mai busa ƙaho yana da aiki kusan kowane mako ba tare da ya jira wani attajiri ko gwamnati ba. Kafin wannan ma akwai filin Kongo inda ake barin bayi su taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da ɗan ciniki, shi ya sa gangar Afirka ba ta mutu a garin ba kamar yadda ta mutu a wasu wuraren. Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jazz da aka haifa a 1901, a cikin wannan hayaniyar ya tashi, busa kuma a gidan gyaran hali na yara ya koye ta sosai bayan an kama shi ya harba bindiga sama daren sabuwar shekara, ka ji ikon Allah.

Kinshasa ta Kongo ma kusan haka ne, lokacin tana Leopoldville a hannun Beljiyam. An kwaso maza daga kowane lungu na ƙasar ana aikin tashar jirgin ruwa da masana'antu, harsuna barkatai, sai Lingala ta zama ta kowa, maza kuma sun ninka mata yawa saboda tsarin Turawan mulkin mallaka bai son leburori su zo da iyali. Mutum ya tashi aiki ba dangi ba gona, ina zai je? Sai mashaya da gidan rawa. Faifan Kyuba na yawo a gari, mutane suka ji kiɗan kamar nasu ne ya je yawo ya dawo, suka ɗauka suka mayar da aikin fiyano da ƙaho kan jita. 'Yan kasuwa Girkawa suka ga akwai kuɗi suka buɗe situdiyo, Ngoma a 1948 sannan wasu suka biyo, ƙungiyar makaɗa ta OK Jazz ta su Franco da aka kafa a 1956 sunanta ma daga sunan mashayar da suke wasa ya samo asali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rawar da ƙungiyoyin mata suka taka, irin masu tara kuɗi suna taimakon juna suna yin anko, kowace ƙungiya da gidan rawarta da makaɗanta, in sun shigo wuri maza su biyo, mai gida ya yi ciniki, makaɗi ya samu albashi. Hatta masu zanen garin irin su Moke da Chéri Samba daga wannan rayuwar suka fito, Samba da rubutun allon talla ya fara, Moke kuma abin da ya fi zanawa shi ne mutane a mashaya da kan titi. A Johannesburg ma matan da ke sayar da giya a ɓoye cikin gidajensu su ne suka riƙa ɗaukar mai fiyano ya kwana yana kiɗan marabi. Mutum zai iya ƙin wuraren nan, da hujjarsa, amma tarihi dai haka ya zo.

Detroit kuwa albashin masana'anta ne ya yi aikin. Tun da Ford mai kamfanin motoci ya sa dala 5 a rana a 1914 baƙaƙe suka yi ta kwarara daga jihohin kudu na ƙasar Amurka, cikin babbar hijirar da ta kwashi mutum wajen miliyan 6 zuwa 1970. Lebura mai albashi yana sayen faifai, yana zuwa gidan rawa, yana sa kuɗi a coci, cocin kuma tana da ƙungiyar mawaƙa inda yarinya ke koyon waƙa kyauta tun tana shekara bakwai, makarantun gwamnati ma suna koyar da kiɗa da gaske. Berry Gordy da kansa ya yi aiki a layin haɗa motoci, a 1959 ya ranci dala 800 daga asusun da danginsa ke tarawa ya kafa abin da ya zama kamfanin faifan waƙa na Motown a wani gida a titin West Grand, makaɗan da suka yi masa aiki kuma daga gidajen jazz na garin ya tsinto su, 'yan matan ƙungiyar mawaƙa ta Supremes daga gidajen gwamnati na talakawa suka fito. Wato shi ya zo ya tarar an riga an yi shuka ne, ya iya girbi, kuma ba a raina masa wannan ba.

To yanzu ga inda abin ke ba ni haushi. Titin Hastings, wanda shi ne jijiyar unguwar baƙaƙe a Detroit, da shagunan faifai da gidajen kiɗa da cocin da mahaifin mawaƙiya Aretha Franklin ke limanci, an share shi aka shimfiɗa babban titin mota a kai a wajajen 1960. Motown kanta ta tattara ta koma Los Angeles a 1972. A New Orleans titin Claiborne da ke ratsa unguwar Tremé, mai layin manyan itatuwa inda baƙaƙe ke kasuwanci suke bikinsu, a 1966 aka sare itatuwan aka ɗora gadar sama. An so a bi da wani titin ta unguwar Faransawa mai tarihi, masu faɗa a ji suka tashi tsaye aka fasa, na Tremé kuwa babu wanda ya tambaye su. Wani abin dariya abin kuka, an kuma rushe gidaje da yawa a Tremé ɗin don wani aikin raya al'adu, filin da ya rage daga baya aka mayar da shi wurin shaƙatawa aka sa masa sunan Louis Armstrong. Ka kori makaɗa masu rai daga gidajensu sannan ka kafa gunkin wanda ya mutu a wurin. Mutanen unguwar dai ba su bar wajen ba, sun zana itatuwa a jikin ginshiƙan gadar, kuma har yau 'yan badujala in sun zo ƙarƙashinta sai sun ƙara wuta don amon da kankare ke mayarwa.

Sophiatown ta Johannesburg ita ba a ma ɓoye niyya ba. Unguwa ce da baƙaƙen fata ke iya mallakar fili, ta haɗa marubuta da 'yan jarida da makaɗa da 'yan daba duk wuri guda, su Miriam Makeba da Hugh Masekela duk sun sha wasa a can. Ranar 9 ga Fabrairu 1955 gwamnatin wariyar launin fata ta turo 'yan sanda wajen 2,000 aka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands a Soweto, cikin 'yan shekaru aka baje unguwar aka gina wa Turawa gidaje aka sa mata suna Triomf, sai 2006 aka mayar mata da sunanta. Makeba ta bar ƙasar a 1959, Masekela a 1960. A Amurka ba a kira abin da sunan wariya ba, an ce gyaran gari ne da kawar da kwatami, amma in ka ɗora taswirar titunan a kan taswirar unguwannin baƙaƙe sai ka ga abin ya yi daidai da yawa. Dalilin injiniya a fili yake, fili ya fi arha a can kuma mutanen ba su da wanda zai tsaya musu a majalisa. Su a takardarsu gidaje tsofaffi suke gani, ba a rubuta cewa a bayan shagon aski kaza ne ake gwajin kiɗa duk Laraba ba. Kuma ko an ba kowa sabon gida mai famfo, an raba mai ganga da mai jita da mai gidan rawa da 'yan kallo, kowa an jefa shi wani gefen gari, abin da ya haɗa su ya watse.

Ba kullum da katafila ake yi ba, wani lokacin da takarda ne. New York ta yi wata doka a 1926 da ta hana rawa a wurin da ba shi da lasisi na musamman, dokar nan sai 2017 aka soke ta, ku lissafa. Daga 1940 zuwa 1967 kuma sai makaɗi yana da katin 'yan sanda kafin ya yi wasa a inda ake sayar da giya, in an taɓa kama ka a ƙwace, haka aka yi wa Billie Holiday a 1947 da Thelonious Monk a 1951, mutum yana gari amma an hana shi cin abinci da sana'arsa.

Na zamanin nan kuma ya fi wayo, don babu mugun da za ka nuna da yatsa. Masu zane da makaɗa su shiga unguwa saboda arha, unguwar ta yi suna, masu kuɗi su ce kai wurin nan akwai rayuwa, su sayi gidaje, haya ta tashi, sai wanda ya tare jiya saboda son rayuwar ya kai ƙara cewa ƙara ta hana shi barci. Rahoton da aka yi wa magajin garin Landan ya nuna tsakanin 2007 da 2015 birnin ya rasa kashi 35 cikin ɗari na ƙananan gidajen kiɗansa, irin masu cin mutum ɗari ko ɗari biyu inda manyan mawaƙa da yawa suka fara. Nan fa dole a yi adalci, mai jariri ko ma'aikaciyar asibiti da za ta fita da asuba tana da haƙƙin barci, ba a ce don kana kiɗa ka fi kowa ba. Ingila a 2018 ta sa wata ƙa'ida a tsarin gine-ginenta wadda ni na ga hankali a ciki, cewa wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin maganin ƙarar, in ka gina bene kusa da tsohon gidan kiɗa kai za ka sa bangon da ke tare sauti, in kuma kai ka buɗe gidan kiɗa cikin gidajen mutane to nauyin a kanka yake. Sai dai wannan bai taɓa kuɗin haya ba ko kaɗan, kuma haya ce ke kashe yawancinsu.

Daga baya kuma sai karramawa ta zo. Gidan Motown ya zama gidan tarihi tun 1985, filin jirgin saman New Orleans sunan Armstrong gare shi, UNESCO ta sa rumbar Kongo cikin kayan gadon duniya a 2021, Jamus ta sa kiɗan techno na Berlin a nata jerin a 2024 alhali gidajen rawar garin suna ta kukan haya. Ban ce kar a yi ba, yana da kyau yaro ya je ya ga ɗan ƙaramin ɗakin da aka yi waƙoƙin nan ya san mutane irinsa ne suka yi. Amma hukuma ta fi son irin wannan ne saboda gidan tarihi ba ya ƙara da daddare, ba ya zagin gwamna, ga 'yan yawon buɗe ido suna kawo kuɗi. Kiɗan da ke da rai kuwa kullum yana zuwa da abin da manya ba sa so, jazz ma ai kiɗan 'yan iska aka ce da shi a farko.

Wani zai ce duk wannan tsohon zance ne, yanzu yaro da waya da kwamfuta a ɗakinsa zai yi waƙa ta zaga duniya, me zai yi da unguwa? Akwai gaskiya a ciki, kuɗin situdiyo ya faɗi, ba ka bukatar wani Bagirke ko Gordy ya yarda da kai. Amma ku duba salon da suka fito bayan zuwan intanet ɗin, har yanzu kowanne da adireshinsa. Amapiano daga unguwannin baƙaƙe na Pretoria da Johannesburg ya taso, a motocin haya da wuraren casu aka gwada shi kafin duniya ta ji. Mahraganat na Masar a unguwannin talakawan gefen Alƙahira irin su Madinatus Salam da Matariyya da kuma Iskandariyya aka haife shi, yara da tsohuwar kwamfuta da manhajar sata, wurin gwajinsu kuma bikin aure ne da ake toshe layi a jera kujeru da fitilu, in waƙa ta tayar da mutane daga kujera to ta ci, in ba ta tayar ba a koma a gyara, washegari kuma masu keke mai ƙafa uku su ɗauka su raba wa gari. Waya tana yaɗawa ne kawai, amma sai an samu taron mutanen da suka san juna sun yi hukunci tukuna.

A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar mawaƙan Masar, wadda ke ba da izinin yin wasa, ƙarƙashin Hany Shaker, ta haramta wa masu mahraganat wasa a otal da kulob da jiragen ruwan Nilu, ta ce waƙoƙin batsa ne da lalata tarbiyya. Wasu baitocin kam ba sa faɗuwa a gaban iyaye, wannan gaskiya ne. Amma haramcin bai yi wani tasiri ba tunda ƙungiyar ba ta da iko da bikin cikin layi ko abin da direba zai kunna, daga baya ma ta sassauta ta koma ba wasu izini bisa sharuɗɗa. Wanda ya fi zama abin dubawa shi ne aikin da ake yi wa garin kansa, a 'yan shekarun nan Alƙahira gadar sama da sabbin tituna ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, ana kwashe mutanen tsofaffin unguwanni zuwa sabbin benaye a bayan gari, a 2018 aka share unguwar Maspero da ke bakin Nilu, kuma a irin waɗannan sabbin rukunin gidajen akwai mai gadi da dokoki, ba ka isa ka toshe layi ka kafa lasifika don ƙanwarka za ta yi aure ba.